Ajiyar Ƙarƙashin Ƙasa: Waiwaye Kan Shuke-shuken Tsakar Gida a Gabashin Sakkwato

Duk wanda ya tashi tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo ya san ƙasarmu sau biyu take farkawa a shekara. Farkawa ta farko ita ce ta saukar ruwan fari, wajen ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, lokacin da tudu ke yin kore bayan watanni na ƙura da zafi. Ta biyu ta fadama ce, idan gulbi ya janye, hunturu ya kawo jiki, masu lambu suka tayar da komaye suka shiga dashen albasa da shukar tafarnuwa. Ta farko ita ke cika rumbu, ta biyu ita ke cika aljihu, shi ya sa kowa ke maganarsu, daga majalisar ƙofar gida har ofishin gwamnati. Amma akwai wata ƙaramar farkawa da ba a cika ambata ba, wadda ke faruwa a cikin gida: bayan ɗaki, gindin randa, bakin makwarara, inda iyayenmu mata ke ajiye 'yan shuke-shuken da ba na kasuwa ba. Ita nake son mu waiwaya, domin cikin duk abin da ya sauya a zamanin da muka rayu, ita ce ta fi ja da baya ba tare da kowa ya yi mata jaje ba.

Abin da ya tayar mini da zancen wani fure ne da ba na ƙasarmu ba. Ɗiyar ƙanwata, wadda ke da sha'awar ƙawata gida, ta miƙo mini wayarta da hoton wani fure mai ruwan shuni da ɗorawa, ta ce, "Kawu, wanga hure na yi garinmu kuwa?" Furen shi ne wanda Turawa ke kira ayris mai gemu, Larabawa kuma suna kiran danginsa sausan. Ganyensa dogaye ne masu faɗi da tsini, suna buɗewa a jere daga tushe ɗaya. Furen na da fiffike shida: uku a tsaye sun rungumi juna, uku sun rankwafo ƙasa, kuma a kan kowane mai rankwafawa akwai layin gashi mai laushi. Wannan gashi shi ne gemun, shi ke nuna wa ƙudan zuma hanyar shiga cikin furen. Manyan cikinsu kan yi tsayin da ya haura santimita 70, kuma da wuya a sami launin da ba a samar da irinsa ba, in ban da ja tsantsa.

Ran wannan shuka ba a ganye yake ba, yana cikin wani kakkauran tushe mai kama da ɗanyar citta, wanda ke kwance a kan fuskar ƙasa. A ƙasashen sanyi, irin su Italiya da Faransa da Ingila da Amurka, ganyen kan lafa idan sanyi ya tsananta. Da zarar ƙanƙara ta narke, rana ta fara ɗumi wajen Maris, sai sababbin ganye su ɓullo daga tushen, tun kafin mai lambu ya zuba taki ko ruwa. Daga Afrilu zuwa Yuni sanda ke fitowa ta yi fure. Kowane fure kwana biyu ko uku yake yi, dukan shagalin kuma bai cika wuce mako biyu zuwa uku ba. Wato tsiron da ake murna da shi bana, abincin da ganyen bara suka tara ne a cikin tushe. Wanda ya yi gaggawar sare ganye bayan fure ya faɗi, ya rage wa kansa furen baɗi.

Masu renonsa suna da 'yan ƙa'idoji da ba su saɓawa. Ba a binne tushen da zurfi, sai a bar bayansa a waje rana ta dinga dukansa. Ba a dasa shi inda ruwa ke kwanciya, domin ruɓewa yake yi. Yana son rana ta kamar awa shida a yini, kuma yawan taki ganye yake sa shi, ba fure ba. Idan sanyi ya wuce, aikin mai gida shi ne ya kwashe busassun ganye, ya cire ciyawa, ya bar tushen ya sha iska. Babbar ƙa'idar kuwa ita ce rabo. Tushe ɗaya sau ɗaya yake yin fure, daga nan sai ya fitar da 'ya'ya a gefensa. Bayan shekara uku ko huɗu wurin ya cushe, fure ya ragu. Sai a tone duka tsakanin Yuli da Satumba, a yar da tsohuwar uwar, a datse ganyen 'ya'yan zuwa kamar taƙi guda, a sake dasa kaɗan, saura a ba maƙwabta. Shuka ce da ba ta yarda da rowa: wanda ya ƙi rabawa, nasa ne ke daina fure.

Amsar da na ba ɗiyata ita ce da wuya ya yi a Wurno. Yana buƙatar makonni na sanyin da ya fi hunturunmu nisa kafin ya ɗauki fure. Mu kuwa a Afrilu zafi kan haura digiri 40, sannan a Agusta ruwa da ɗumi su haɗu, yanayin da ya fi kowane saurin ruɓar da tushensa. Wanda ya kashe kuɗi ya sa aka kawo masa, mai yiwuwa ya ga ganye na ɗan lokaci, amma kada ya sa rai ga abin da ya gani a hoto. Wannan ba abin baƙin ciki ba ne. Allah ya ba kowace ƙasa nata rabon, dabino ma ba ya nuna a Ingila.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda masu wannan fure suka riƙe shi. Birnin Fulorans na Italiya ya mai da shi tambarinsa tun ƙarnuka, kuma a 1954 aka kafa masa lambu na musamman a can domin gasar sababbin iri. Manoman tsaunukan yankin suna tono tushen wani nau'insa, su fere, su shanya, su ajiye kimanin shekara uku kafin ƙamshinsa ya fito, sannan a sayar wa masu haɗa turare da tsada. A Amurka akwai ƙungiyar masu renonsa tun 1920, wadda ke rubuta sunan kowane sabon iri da wanda ya samar da shi, har rajistar ta kai dubun-dubatar sunaye. Akwai kuma wani fari daga cikinsu, ɗan asalin Yaman da Saudiyya, wanda Musulmi suka daɗe suna dasawa a maƙabartu, har ya kai Arewacin Afirka da Andalus. Wannan farin bai cika ɗaure iri ba. Ke nan duk inda aka gan shi, daga Makka zuwa gaɓar Bahar Rum, hannun wani ne ya tono, ya ƙulle a ƙyalle, ya yi tafiya da shi, ya dasa.

Wannan hali na tono da rabawa da dasawa ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne ginshiƙin arzikin fadamar Wurno da Goronyo. Tafarnuwar da ake nomawa ba ta yin iri irin na gero ko na tumatir. Manomi yakan ware kawuna masu kyau daga girbin Maris ko Afrilu, ya ɗaure su da ganyensu, ya rataye a inuwa inda iska ke ratsawa. Zai ga farashi na hawa, hidimar gida na matsa masa, ya danne zuciyarsa bai sayar ba. Sai Nuwamba, da sanyi ya sauka, ya ɓare 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya ya cusa a komi, tsinin na kallon sama. Cikin 'yan kwanaki sai ka ga kore ya jeru. Kowace tafarnuwa da ke cikin buhu a kasuwar Wurno yau, jikar wadda wani kakanmu ya ƙi sayarwa ce. Albasa ma, mai son iri sai ya mayar da uwar albasa ƙasa, ta fitar da doguwar sanda mai dunƙulallen farin fure, ƙudan zuma su yi ta kai da kawowa, kana ta ɗaure baƙin iri. Haka rake, haka rogo, haka dankali: duk daga hannu zuwa hannu suke tafiya.

Garin Wurno kansa a kan irin wannan tunani aka gina shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa shi a matsayin ribaɗi ya kuma rasu a cikinsa a 1837, malami ne da ya yi rubuce-rubuce kan magunguna, kuma tarihi na danganta masa ƙarfafa noman rake da ban-ruwa da jigo. A wurin mutanen wancan zamani, lambu da ɗakin magani abu ɗaya ne. Mazajen gari sun ɗauki ɓangaren fadama, mata kuma suka riƙe ɓangaren cikin gida, kuma nasu ɓangaren ya fi yawan iri ko da yake bai kai faɗin tabarma uku ba.

A gidajen da na sani ina yaro, tsakar gida fili ne na rairayi, katanga ta laka ce ko dangar kara. Randa a binne take rabi cikin ƙasa, tana tsatsafo dare da rana, saboda haka gindinta ba ya rabuwa da danshi ko da tsakiyar bazara. A nan ɗaɗɗoya da na'ana'a ke zama. Bakin makwarara, inda ruwan wanka da na alwala ke bi, akwai gwanda da lalle, wani gidan har da rumman ko lemun tsami. Zogale na jikin danga, soso da duma da kabewa na hawa rufin ɗaki da damina, sure da yoɗo da barkono na ɗan lungunsu. Sannan akwai masu ajiya a ƙarƙashin ƙasa, waɗanda su ne ainihin takwarorin ayris. Akwai moda, mai dogayen ganye masu kauri da zane-zane, wadda tushenta ke rarrafe yana fitar da 'ya'ya, kuma daga ganyenta ake samun zare mai ƙarfi da maharba ke yin tsirkiya da shi. Akwai zabuwa mai ganyen ruwa-ruwa. Akwai gadali a cikin fasasshiyar tukunya, wanda ke bushewa ƙurmus da rani har baƙo ya ɗauka ya mutu, amma ruwan fari na sauka sai ya ɓullo.

A daji da bakin fadama ma haka abin yake. Albasar kwaɗi kan fito da babban farin fure mai jan layi da farkon damina, tun ciyawa ba ta rufe ƙasa ba. Albasar kura kan tura sandar furenta tun kafin ganye. Rumana, wadda masu magani ke baza ƙwayarta a kasuwa, ita kam a lissafin masana tsirrai gida ɗaya suka fito da ayris. Kajiji kuwa, wanda ke son wurin danshi, shi ne namu tushen ƙamshin: a tono, a wanke, a shanya, a daka, ya shiga turaren wuta da kayan gyaran amarya. Abin da manoman Italiya ke yi da tushen furensu, iyayenmu mata sun daɗe suna yi da kajiji da jema, ba tare da wani ya rubuta sunansu ba.

Waɗannan shuke-shuke ba a sayen su. Kyauta ake bayarwa, kuma kyautar na tafe da karatu. Na sha jin tsohuwa na ce wa wadda ta tare sabon gida, "Ɗiyata, amshi wanga ki dasa bayan ɗakinki, kusa ga randa. Kak ki cika mishi ruwa, kak ki bari awaki su kai gare shi." Daga nan sai bayanin amfaninsa, da wanda ake sha, da wanda shafawa kawai ake yi, da wanda ba a barin yaro ya kai baki domin dafi ne, kamar albasar kura. Idan ta gidan wata ta mutu, ba ta damuwa, ta san akwai 'yar uwarta a gidan goggonta a Gandi ko wajen ƙawarta a Shinaka. Kowane gida rumbun ajiyar ɗan uwansa ne. Da haka iri ya tsallake farin 1973 da na 1984, lokacin da rijiyoyi suka ja baya, dabbobi suka ƙare, mutane da yawa suka tafi cin rani ba su dawo ba.

To, me ya sauya? Abu na farko shi ne ruwa da yadda ake sarrafa shi. An gama madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, abin da ya rage malalar da fadamun da ke ƙasa da ita suka saba samu, ciki har da na wajen Rabah, mahaifar Sardauna. An gama ta Goronyo a kan gulbin Rima a 1984, mai tsawon kilomita 12.5, wadda aka gina ta riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Daga shekarun 1980 zuwa na 1990 ƙaramin injin ban-ruwa mai shan fetur da rijiyar bututu suka maye gurbin jigo da guga, musamman da zuwan shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa. Mutumin da a da ke ba 'yan komaye ruwa da ƙarfin kafaɗarsa, ya koma noma kadada guda ko fiye. Manyan motoci suka fara lodin albasa da tafarnuwa zuwa Legas da Onica da Fatakwal, har da ƙetaren iyaka. Wannan alheri ne, kuma ba zan taɓa rage masa daraja ba. Da shi aka yi rufin kwano, aka sayi babura, aka sauke farali, aka kai yara makaranta.

Sai dai da lambu ya zama babbar sana'a, ido ya koma kan abin da ke da farashi. Shukar da ba ta shiga buhu sai ta fara zama kamar ɓata wuri. A lokaci guda gidan kansa ya sauya. Gidan gandu da ke da fili ya rabu gida huɗu ko biyar wajen gado, kowa ya ja katangar bulo, ya ƙara ɗaki inda lalle yake. Aka malale tsakar gida da siminti saboda tsafta da gudun caɓi, wanda kuma hujja ce mai kyau, amma ba a bar ko taku ɗaya na ƙasa ba. Randa ta ba jarka da firji wuri, gindinta mai danshi ya tafi tare da ita. Inda ake sayen ruwa wajen mai kura, ba mai zuba wa moda. Ruwan makwarara kuma, wanda a da na sabulun salo ne da toka, yanzu cike yake da garin wanki mai ƙona saiwa. Itacen da ya rage a yawancin gidaje shi ne dogonyaro, baƙon da ya shigo ƙasar nan a ƙarni na 20, wanda ya yi mana rana wajen inuwa amma ba ya barin ƙananan shuke-shuke su sake a gindinsa.

Kasuwa ma ta taka nata rawar. Lalle na zuwa a ƙulle cikin leda, har da baƙi na kanti. Turare na zuwa a kwalba, ɗanɗanon miya a dunƙule, magani a kemis. Da yawa daga cikin waɗannan sun sauƙaƙa wa mata wahala, kuma asibiti ya ceci rayukan da saiwa ba za ta ceta ba. Gadali kuwa wata ƙaddara ce ta same shi. An daɗe ana haɗa shi da camfe-camfe na farin jini da tsari da yawaitar dabbobi, malamai suka yi wa'azi a kan haka, kuma sun yi daidai, domin babu mai bayarwa ko hanawa sai Allah. Amma da aka yar da camfin, sai aka haɗa da tukunyar. Shukar ba ta yi laifin komai ba, halitta ce daga cikin halittun Ubangiji, mai fure da kyawun gani, wadda ya kamata a bar masana su bincika abin da ke cikinta.

Bayan wannan sannu-sannu sai ga masu zuwa farat ɗaya. Ambaliyar Satumban 2010 ta rushe gidajen laka masu yawa a ƙasar Goronyo da Wurno da sauran garuruwan bakin Rima, ta cinye gonaki, har ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Wasu ƙauyuka sai da suka koma tudu. A 2018 kuma akasin haka aka gani, ruwan madatsar Goronyo ya ja baya ƙwarai har hankalin masu lambu da na mutanen birni ya tashi. Mafi muni shi ne rashin tsaro. A Yulin 2018 aka kai hari Tabanni a ƙasar Rabah, aka kashe mutane da dama, waɗanda suka tsira suka taru a Gandi. A Oktoban 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo ranar cinta, aka rasa rayuka gommai. Allah ya jiƙansu, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Matar da ta gudo cikin dare goyonta za ta ɗauka, ba tukunyar gadali ba. Idan an sami lafiya aka koma, irin gero da na wake ana iya samu a kasuwa. Amma abin da ba a sayarwa, wanda ke rayuwa a hannun mutane kaɗai, idan ƙauye ya watse shekara biyu ko uku, tare da shi yake tafiya, haɗe da sunansa da sanin amfaninsa.

Wannan sani shi ne babbar asarar. A 1916 wani likita ɗan ƙasar Sukotlan mai suna J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Najeriya, ya buga littafin sunayen tsirrai da Hausa. Ba daga kansa ya samo su ba, daga bakin manoma da makiyaya da wanzamai da tsofaffin mata ya ji su. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, jikokin waɗanda suka gaya masa sai sun buɗe littafinsa kafin su bambance moda da zabuwa. Ɗalibi a Rabah zai iya kawo maka sunan furanni goma na Turai daga wayarsa, amma albasar kwaɗi ta yi fure a bakin hanyar makarantarsu bai san sunanta ba. Ban ga laifinsa ba. Mu ne ba mu miƙa masa ba, kamar yadda aka miƙa mana.

Duk da haka ban yanke ƙauna ba, domin na ga alamun juyowa. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, kuɗin ban-ruwa ya ninka, kayan miya suka yi tsada, mata da yawa suka koma shuka alayyafo da kuɓewa da tattasai a buhu da tsohuwar roba a kan simintin tsakar gida. Zogale, wanda a da ake ɗauka abincin marasa hali, yanzu har likitoci na yabon sa. Sha'awar fure da ke sa 'ya'yanmu kallon hotunan lambunan Turai ita ma alheri ce, domin zuciyar da ke son kyawun tsiro ita ce za ta iya renonsa. Abin da ya rage shi ne a nuna mata na gida, wanda ya san zafin Afrilu, ya san ruwan Agusta, ya kuma saba da jiran wata bakwai ba ɗigon ruwa.

Aikin ba mai tsada ba ne. Mai gina gida ya bar taku biyu na ƙasa a jikin katanga inda rana ke samu da safe. A ware wurin alwala a gefensa, domin ruwan alwala sau biyar a yini, wanda babu sabulu a cikinsa, ya ishi lalle da ɗaɗɗoya da na'ana'a. Moda da zabuwa da farkon damina ake raba su: a tono, a ɓalle 'ya'yan da ke da saiwa, a bar ciwon ya sha iska kwana ɗaya ko biyu, a dasa sama-sama a ƙasa mai rairayi, kada a cika ruwa. Masu albasa a ƙarƙashi, irin gadali da albasar kwaɗi, a bar ganyensu ya bushe don kansa, kada a sare, kuma kada a zubar da tukunya da rani don an ga ba kome a sama. A Nuwamba a ba yaro 'ya'yan tafarnuwa goma da tsohuwar roba mai huji, ya shuka da hannunsa, ya ga tsiro, ya jira wata huɗu. Mai dafi kuma a nisanta shi daga yara da dabbobi, kada a sha wani abu don kawai an ji tsohuwa ta ambata, sai an tambayi masani.

Akwai kuma nauyin da ke kan masu ilimi. Kwalejin koyon aikin gona da ke Wurno da tsangayar aikin gona ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo suna da fili da ɗalibai. Ɗan yanki kaɗan ya isa a tara waɗannan shuke-shuke na gida da na daji, tare da nau'o'in tafarnuwa da albasar da manomanmu suka gada, a rubuta sunan kowanne da garin da aka samo shi da abin da tsofaffi suka ce a kansa. Makarantun firamare da na Islamiyya ma za su iya ware lungu ɗaya. Sansanonin 'yan gudun hijira na cike da tsofaffin mata da suka rasa gida amma ba su rasa sani ba, kuma zama da su a rubuta abin da suka sani girmamawa ce gare su kafin ta zama amfani gare mu.

Ayris mai gemu ya kai yau ne saboda masu shi ba su daina tonowa da rabawa da rubuta suna ba. Tafarnuwar Wurno ta kai yau saboda kowace shekara akwai wanda ya ƙi sayar da irinsa. Shuke-shuken tsakar gidanmu ma ba su da wata hanya sai wannan. Saboda haka, mai karatu, idan akwai sauran tsohuwa a danginku da ke da moda ko gadali ko lalle a bayan ɗakinta, kada damina mai zuwa ta wuce ba ka je ka gaishe ta ba. Ka tambaye ta sunan kowanne da amfaninsa, ka rubuta, ka roƙi ɗa guda ka dasa a gidanka. Idan ya yi 'ya'ya, ka raba wa maƙwabta.